Mutumin da ya zo nemana da hotona a waya

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Talata Mafara, na taɓa tattara kayana na bar gari saboda wani mutum da ke yawo da hotona a wayarsa. Yanzu in na ba da labarin ana dariya, ni ma ina taya masu yi. A lokacin kam ko murmushi ba na iya yi.

'Yan aji biyu nake koyarwa. A shekarun ne ajinmu ya cika ya batse da yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan Maradun, wasu daga wajen Gidan Goga, wasu daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba sai a bakin yaran. Za ka ga yaro ya isa gama firamare amma bai san A ba, don makarantar garinsu ta daɗe a rufe. Ka fara da shi, ya soma kama hannu, sai a wayi gari babu shi. Iyayen sun ji ƙauye ya lafa sun koma shuka, ko kuma sun ƙara gaba. In ya dawo bayan watanni, duk abin da ka zuba ya zube. Wannan abu ya riƙa ci mini rai, don ban san yadda ake koyar da yaron da ba ya zama wuri ɗaya ba.

Ina da wani aboki mai shagon cajin waya a bakin kasuwa, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai. In an tashi daga makaranta nakan biya wajensa mu yi hira. A nan na lura cewa mutanen da suka gudo ba tabarma ba tukunya, da yawansu wayarsu na aljihu. Ita ce abin da ba a bari a baya. Wata rana ina kallon wani yaro yana wasan tseren mota a wayar yayansa, sai na ce wa abokina, "Wai su wa ke yin waɗanga abubuwa na cikin waya?"

Ya ce, "Mutane ne masu kai guda irin naka."

Da wasa ya faɗa, ni kuwa na ɗauke ta da gaske. Na ce a raina, in mota za ta shiga waya ta bi yaro har ƙauye, me zai hana baƙaƙe da wasula su shiga?

Ƙanen matata yana da wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya mutu, ba ta aiki sai an jona ta da wuta. Na aro ta na kai shagon abokina, tunda shi ne mai janareto. Ya ware mini wani lungu bayan teburin caji, inda wayoyi ke ta ƙara a kaina. Bayan la'asar nan ne ofishina. Na fara koyon rubuta umarnin da kwamfuta ke ji, abin da masu yi ke cewa kodin, daga bidiyoyin da nake saukewa in sabis ya yi kyau. Turancin masu bayanin gudu yake kamar ana korar su. Sai in tsayar, in mayar baya, in sake ji. Ni da nake yi wa yara faɗa don sun manta ɗigo a kan i, sai ga ni ina shafe yini ina neman waƙafi guda da na manta, wanda saboda shi komai ya ƙi tashi. Tun daga lokacin na rage yi wa 'yan ajina tsawa.

Ranar da na fara yin madannin da in ka taɓa waya za ta ce "A", da gudu na tafi gida. Na tarar da mahaifiyata tana gyaran zogale a tsakar gida. Na durƙusa na ce, "Inna, taɓa nan ki ji." Ta goge hannu a zane ta taɓa. Waya ta ce "A" da muryata. Ta dube ni, ta dubi wayar.

"To, sai mi?"

Na ce, "Shi ke nan, Inna. Ni na sa ta faɗa."

Ta ce, "Duk ramar da ka yi wanga wata don waya ta ce A ne? Ai ko aku yana wuce nan." Ta ci gaba da gyaran zogalenta. Amma da matata ta fito, na ji tana ce mata ta zo ta ga abin da Malam ya ƙera.

A hankali abin ya zama manhaja ta gaske, wadda ba ta bukatar sabis. Na tsara ta mataki-mataki: wasula, sai baƙaƙe, sai haɗa baƙi da wasali, sannan haruffan nan namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, daga nan a shiga karanta kalmomi. Na kulle kowane mataki, ba ya buɗewa sai an gama wanda ya gabace shi, don na san halin yara da tsallake. Muryar kuwa a ɗaki na ɗauka, na lulluɓa da bargo saboda zakaran maƙwabta da ya ƙi ba ni haɗin kai. In yaro ya amsa daidai, waya ta ce, "Madalla, yaro!"

Sai kuma son a sani ya ja ni. A shafin farko na sa hotona da sabuwar hula, na faɗi sunana, na faɗi makarantar da nake koyarwa. Matata ta gani ta ce, "Malam, a wanga zamani da kowa ke ɓoye kansa, kai kana raba fuskarka a kasuwa?" Na ce mata mai abin kirki ba ya ɓuya. Ta ce to, Allah shi tsare.

Abokina ya riƙa saka manhajar a wayar duk wanda ya zo turi, ko ya nema ko bai nema ba. Ranar kasuwar Maradun ma yakan tafi da kayan aikinsa, ya saka wa mutanen can. Malaman makarantarmu suka yaba, hedimasta ya ambace ni a taron iyaye, aka tafa. Ni kuma na zauna ina jiran in ga sauyi. Shiru. In na karɓi wayar wani abokin aiki in duba, sai in ga ya goge ta don ya sami wurin fim. Yaran gari sukan danna A su danna B, su yi ta maimaita "Madalla, yaro!" suna dariya, su koma tseren mota. Har ya kai in na wuce wani layi yara na bina da kalmar. Na mayar wa ƙanen matata kwamfutarsa, na ce an gode, na koma alli da allo.

Damina ta wuce, aka yi kaka. Na ma fara mantawa da zancen. Sai wata Laraba da safe maigadin makaranta ya ja ni gefe, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, jiya bayan kun tashi wani ya zo nemanka. Ba ɗan gari ba ne, mutumin daji ne, makiyayi. Ya nuna mini hotonka a waya, ya ce wanga malami yake bida."

Na ce, "Mi ya ce yana so?"

"Bai faɗa ba. Ya ce da kai zai yi magana. Na ce mashi ban san ka ba."

Wanda bai zauna yankinmu a shekarun nan ba zai yi wuya ya gane abin da na ji. Ba a daɗe ba da aka tare wani malami a hanya aka shiga daji da shi, kuma kowa na cewa sai da aka fara tambayar inda yake. Na shiga aji na rubuta kwanan wata a allo, na kasa ci gaba. Talatar da ta biyo, ranar kasuwa, mutumin ya sake zuwa. Wannan karon har ya tambayi masu sayar da rake a ƙofar makaranta ko sun san unguwarmu.

Hedimasta ya kira ni ofis ya ce in ɗan ba da iska, zai sa wani ya riƙe mini aji. Mahaifiyata dai jan carbinta ne ya ƙara sauri. Matata kuwa, Allah ya saka mata, ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Kaya kawai ta haɗa mini. Na hau mota zuwa Bakura, gidan surukaina.

Zaman Bakura zama ne na wanda maciji ya sara yake ganin tsumma. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta kan katanga. Da rana nakan bi surukina gonar shinkafa in fake da taya shi korar tsuntsaye, alhali ni ne babban matsoraci a gonar. Nakan zauna a kan kunya in yi ta lissafin wayoyin da hoton nan ya shiga, da hannayen da suka riƙe su. Na tsine wa hular nan ba adadi.

Wata rana abokina ya kira ni. Ya ce, "Mutumin naka ya zo shagona. An ce mashi ni ke saka abin a waya. Na zauna da shi. Ni dai ban ga alamar sharri ba, dattijo ne. Wai wayarsa ce ke da matsala, kuma kai kaɗai za ka iya gyarawa."

Na ce, "Kai ba gyaran waya kake ba?"

"Na duba, ba wayar ba ce. Abinka ne."

Na kai wa surukina maganar bayan sallar azahar. Ya murza gemu, sannan ya ce, "Ban ce maka babu haɗari ba. Amma ba za ka ƙare rayuwarka kana korar tsuntsaye ba. Ka tai ranar kasuwa, cikin mutane, da rana tsaka. Ka ji da kunnenka."

Haka na yi. Na shiga shagon ta baya, na zauna a tsohon lunguna ina leƙe. Can sai ga shi ya yi sallama. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi furfura, ya sa wata hula irin ta 'yan gari da ta yi masa yawa. Ba sanda, ba malfa. Da ya gan ni sai ya tsaya, fuskarsa ta washe, kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe bai gani ba.

"Allah shi gafarta Malam. Kai ne dai."

Muka gaisa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya aka ji da jama'a, ya dabbobi. Da na ce ya dabbobi sai ya ce, "Sai godiya," ya kau da kai. Duk tsawon gaisuwar idona na kan hannunsa da ke cikin aljihu. Ya fito da shi riƙe da ƙullin leda. Ya warware, sai ga wata tsohuwar waya, gilashinta ya tsage, an ɗaure ta da roba.

Ya buɗe manhajar da kansa. Na ga wasula an gama, baƙaƙe an gama, haɗa baƙi an gama. Ya taɓa matakin haruffa masu lanƙwasa. Allon ya yi baƙi, manhajar ta rufe. Ya sake, ta sake rufewa.

"Ka gani, Malam. Nan muka tsaya. Ɗiyana sun iya ba, be, bi, bo, bu, har suna yi da waƙa. Na gaba ya ƙi buɗewa, kuma ka kulle sauran. Tun kafin a yanke gero muke nan. Na ce tunda mai abin ya faɗi inda yake, bari in je in tambaye shi mi ke gaba."

Abokina ya juya baya yana yi kamar yana neman wata caja, kafaɗunsa na rawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuskuren ba ne. A wayata matakin yana buɗewa lafiya, shi ya sa ban sani ba. Amma wayoyi irin tasa sun cika garin nan, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Ashe duk masu tafa mini babu wanda ya kai wurin. Wanda ya fara kaiwa shi ne mutumin da na gudu Bakura saboda shi.

Abokina ya aika aka kawo fura, muka zauna. Ya ce suna zaune a wata ruga can bayan Maradun. Yayansa ne ya kai wayar turi ranar kasuwa, aka dawo da ita da muryata a ciki. Na tambaye shi makarantar yaran. Ya ce malaminsu ya daina zuwa tun da hanya ta lalace, kuma ba ya ganin laifinsa. Sannan ya ce, "Shanun da ubana ya bar mini an kore su dare guda. 'Yan da suka rage ba su kai a raba wa ɗiya ba. Ni abin da aka bar mini ke nan, ni ban da abin bar masu. Shi ya sa na ce su riƙe wanga karatu."

Ya kurɓi fura ya ajiye, ya yi ɗan murmushi. "Ni ma ina zama da su. In na amsa daidai sai ka ce mini, madalla yaro. Ɗiyan su yi ta dariya. Ga furfura, ga jikoki, kullum kana ce mini yaro."

Na ce ya yi haƙuri, za a gyara. Sai na ji ba zan iya barinsa ya tafi ban faɗa masa ba. Na ce, "Baba, da aka ce kana nemana, gari na bari."

Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Na sani. Maigadinku ya ce bai san ka ba, ga hotonka manne a bangon ofis ina gani." Ya taɓa hular kansa. "Wagga ma aro ta na yi. Sandata na bari gida. Duk ranar da zan shigo garinga sai uwar ɗiyana ta yi mini bankwana, don akwai waɗanda suka shigo kasuwa irina ba su koma ba. Kai kana tsorona, ni ina tsoronku. Allah dai shi kawo muna ƙarshen abin."

Muka ce amin, mu uku.

Na gaya masa ba zan gane matsalar ba sai ina gwadawa a wayarsa. Ya dube ta, ita kaɗai ce a gidansu. Ya mayar da ita cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce sai Talata. Bayan ya fita abokina ya ce, "Ka san in aka tsayar da kai aka ga wayar mutumin daji a aljihunka, bayani zai yi tsawo." Na ce na sani. Na sa ta a aljihun.

Na sake aro kwamfutar, na koma lunguna. Na sha wuya kafin in gano abin, kuma da na gano sai da na riƙe kai. Kowane sauti da na ɗauka na sa masa sunan harafinsa. Sababbin wayoyi suna gane ɓ da ɗ da ƙ a sunan, tsofaffi ba sa ganewa, sai su rufe komai. Na sauya sunayen zuwa haruffan da kowace waya ta sani. Na sake shiga bargo na ɗauki "Madalla" ita kaɗai. Hoton nan da sunan makaranta kuwa matata na tsaye a kaina na cire su.

Ranar Talata ya zo tun hantsi, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya, an shimfiɗa masu ƙaiƙayi. Na ce ba sai ya kawo komai ba, ya ce uwar ɗiyansa ce ta aiko, ba shi da ikon mayarwa. Na ba shi wayar. Ya taɓa wurin da ya saba rufewa, yana ɗan janye yatsa. Sai ga harafi ya fito, muryata ta ce, "Ɓa, ɓauna." Ya maimaita. "Ɗa, ɗaki." Ya maimaita. Da aka zo "ƙa, ƙaho" sai ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wannan kam ya san shi tun kafin a haife ni. Ya amsa tambayar farko daidai, waya ta ce, "Madalla." Ya saurara ko akwai saura. Da ya ji babu, ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu ka yi magana."

Daga ranar ban sake mayar da kwamfutar ba, har na samu na sayi tawa. Na ƙara darussan karatu, na yi na lissafi. Kowane sabon abu sai na gwada shi a mafi tsufar wayar da ke shagon abokina kafin ya fita. Dattijon yakan biyo ranar kasuwa jefi-jefi a saka masa sabo, ya ba ni labarin inda yaran suka kai. Babbar 'yarsa ce ta fi kowa sauri, in ji shi, har ita ke koya wa na maƙwabta.

Daga baya ya daina zuwa. Na tambayi masu kawo nono, suka ce mutanen wajen sun tashi bayan wani tashin hankali, wasu sun yi kudu, wasu ba a san inda suka nufa ba. Na kira lambarsa ba ta shiga. Sai wata rana ina aji saƙo ya shigo wayata daga lambar. Babu ɗigo babu waƙafi, wasu kalmomin a manne: "malam mun tashi muna lahiya ni na rubuta". Na karanta, na fita waje na tsaya a gindin dalbejiya har sai da na iya komawa gaban yara. Na mayar da amsa, ban sani ba ko ta isa. Lambar ba ta sake shiga ba har yau.

Nakan yi tunanin abin sau da yawa. Ban ga laifina da na gudu ba, don a shekarun nan waɗanda suka tsaya jin bayani ba duka suka dawo ba. Amma nakan tuna cewa da surukina bai ce in je ba, da har yau labarin da nake bayarwa shi ne na yadda Allah ya tserar da ni daga wani mugu da ya zo da hotona. Da na ba da shi da zuciya ɗaya, da kuma kowa ya yarda. Shi kuwa da ya koma ya ce wa ɗiyansa mai abin ya ƙi fitowa. Ban san adadin labarai irin wannan da muke riƙe da su a yankinmu ba, mu da su, waɗanda ba a taɓa zama a kan fura an ji ƙarshensu ba.

Har yanzu ina koyarwa, har yanzu ina yin manhajoji, wasu ma an ce sun kai garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Kuma har yanzu in maigadi ya leƙo aji ya ce wani baƙo na sallama da ni, gabana yakan faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Sai in ajiye alli, in karkaɗe hannu, in yi bismilla, in fita in ga ko wane ne.